Tallafin rashin aiki na JSA a Birtaniya: yadda ake cancanta ko da akwai giɓi a tarihin zubin NI

Idan aikinka ya ƙare a Ingila, Wales ko Scotland, akwai tallafin da ake kira New Style JSA, wanda ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, ke biya. Tsarinsa irin na adashi ne, wanda ya yi zubi shi ke kwasa. Zubin kuwa shi ne kuɗin Inshorar Ƙasa da ake cira daga albashin ma'aikaci, wanda kowa ke kira NI. Ba a duba ajiyarka ta banki, ba a duba kuɗin sallamar da aka ba ka, ba a duba albashin matarka ko na mijinki. Adadin da aka sa daga Afrilun 2025 zuwa Afrilun 2026 shi ne fam 92.05 a mako ga mai shekara 25 zuwa sama, fam 72.90 ga wanda bai kai ba, kuma duk Afrilu ake sabunta adadin. Kuɗin na shigowa duk mako biyu, har tsawon kwana 182.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda mutanenmu ke yanke wa kansu hukunci tun kafin hukuma ta ce uffan. Mutum ya tuna ya yi wata biyar a gida yana jinyar mahaifinsa, ko mace ta tuna ta yi hutun haihuwa, shi ke nan sai a ce ai tarihina duk ramuka ne, ba za su ba ni ba. A zauna ana cin ɗan abin da aka tara har ya ƙare. Alhali dokar ba ta ce sai wanda bai taɓa fashin aiki ba. Tambayarta uku ce: a wace shekara giɓin ya faɗa, nawa ka samu a sauran makonnin, kuma da me aka cike wurin. Waɗannan duk abubuwa ne da za ka iya lissafawa a teburinka da biro da takarda kafin ka taɓa fom.

Mataki na farko: gano shekaru biyun da za a duba

Nan ne aka fi yin kuskure. DWP ba ta duban watanni 24 da suka gabaci ranar da aikinka ya ƙare. Kalanda biyu take haɗawa. Shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun da ke biye. Shekarar tallafi kuma tana farawa ranar Lahadin farko ta watan Janairu. Ana ɗaukar cikakkun shekarun haraji biyu na ƙarshe da suka riga suka ƙare kafin shekarar tallafin da ka nema a cikinta ta fara.

Wanda ya nema tsakanin 4 ga Janairun 2026 da 2 ga Janairun 2027, za a duba masa 2023/24 da 2024/25. Ma'ana, daga 6 ga Afrilun 2023 zuwa 5 ga Afrilun 2025. Daga 3 ga Janairun 2027 kuma sai a koma 2024/25 da 2025/26.

Ka lura da abin da wannan ke nufi. Mutumin da ya nema a Nuwambar 2026, duk aikin da ya yi tun daga Afrilun 2025, wata goma sha tara cur, ba ya cikin lissafi. Haka nan duk wani giɓi da ya faɗa cikin waɗannan watannin ba ruwan kowa da shi. Giɓin shekarar 2021 ma ya wuce, ba mai tambayarka. Saboda haka kafin ka tayar da hankalinka, rubuta ranakun giɓinka ka ga ko ma sun taɓa shekaru biyun.

Mataki na biyu: fahimci sharuɗɗan zubi guda biyu

Duka sharuɗɗan sun rataya ne a kan adadi ɗaya, mafi ƙarancin albashin mako da ake lissafawa a tsarin NI, wanda takardun gwamnati ke rubutawa LEL. Ni zan riƙa kiransa ma'auni. A 2023/24 da 2024/25 ma'aunin fam 123 ne a mako, ko fam 533 a wata ga mai karɓar albashin wata. A 2025/26 ya koma fam 125.

Sharaɗin farko: a ɗaya daga cikin shekaru biyun, ko wacce ce, sai ka yi aikin albashi na mako 26 wanda a kowane mako ka samu aƙalla ma'auni. Ba dole makonnin su zo a jere ba, kuma ba dole a wuri ɗaya ka yi su ba. Mako goma a rumbun ajiyar kaya, hutun wata biyu, mako goma sha shida a gidan kula da tsofaffi, duk sun haɗu sun ba da 26. Amma dole su kasance cikin shekarar haraji guda. Mako 13 a wannan shekara da 13 a waccan ba su cika ba. Kuma yawan albashi ba ya gajarta hanya, domin a wannan sharaɗin fam 123 kaɗai ake ƙirga maka a mako ko da dubu ka samu. Ga mai albashin wata, lissafin ya kama wata shida.

Sharaɗi na biyu: a kowace ɗaya daga cikin shekaru biyun, jimillar albashin da aka lissafa maka NI a kai ta kai ma'auni sau 50. Wato fam 6,150 a 2023/24, fam 6,150 a 2024/25, fam 6,250 a 2025/26. Mutane da yawa na jin 50 sai su ɗauka mako 50 na aiki ake nufi, su karaya. Kuɗi ake nufi. A nan ana ƙirga albashinka duka har zuwa fam 967 a mako, kuma a nan ne kiredit ke shigowa, wanda za mu zo kansa.

Bari mu gwada. A ce magidanci ya yi aiki 2023/24 daga farko har ƙarshe. A 2024/25 ya tafi gida Najeriya ya yi wata biyar, ya dawo, gaba ɗaya mako 30 ya yi aiki a kan fam 400. Jimilla fam 12,000. Ya wuce 6,150 nesa ba kusa ba, kuma sharaɗin farko ya cika shi a duka shekarun ma. Wannan mutumin da yake ganin tafiyarsa ta ɓata masa komai, ya cancanta.

A ce kuma wani yana aikin kwantiragi mai tsoka, mako goma a kowace shekara a kan fam 700. Fam 7,000 ke nan a shekara, sharaɗi na biyu ya cika. Amma ba shekarar da ya yi mako 26, don haka ya faɗi a na farko, kuma babu kiredit ɗin da zai cece shi a wurin.

Ta uku, mace mai aikin 'yan awoyi, fam 130 a mako, ta yi mako 40 a 2024/25 sannan ciwo ya kwantar da ita. Sharaɗin farko ba matsala. Jimillarta fam 5,200, saura fam 950. Kowane makon kiredit ana lissafa shi daidai da ma'auni, don haka mako takwas na kiredit, fam 984, sun isa su rufe mata shekarar. Irin wannan matar ce ta fi buƙatar ta san haƙƙinta, domin tazarar da ke tsakaninta da tallafin wasiƙa ɗaya ce.

Akwai abu biyu da ya kamata a tsaya a kansu. Na farko albishir ne. Ba a fara cire NI daga albashi sai ya wuce fam 242 a mako, amma wanda ke samun tsakanin 123 da 242 doka na ɗaukarsa kamar ya biya. Ɗalibin da ya yi digiri na biyu yana aikin awa 20 a mako a kan fam 11.44, mafi ƙarancin albashin awa na shekarar 2024/25, yana samun fam 228.80. Takardar albashinsa za ta nuna sifili a layin NI, shi kuma ya ɗauka bai yi zubi ba. Ya yi. Duk waɗannan makonnin suna cikin lissafi.

Na biyun kuma gargaɗi ne. Makon da albashi bai kai ma'auni ba, a banza ya tafi, ba a ƙirga ko kwabo daga cikinsa. Kuma galibi kowane aiki daban ake auna shi. Mai shara a wuri biyu, nan fam 100 can fam 100, ya samu fam 200 a aljihu amma a littafin NI bai samu komai ba, sai dai in masu aikin biyu kamfani ɗaya ne ko suna da alaƙar kasuwanci. Masu aiki ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata, waɗanda awoyinsu ke hawa da sauka, su bi takardun albashinsu mako mako. Aikin da ake biya a hannu ba takarda kuwa, ba ya barin sawu ko kaɗan.

Mataki na uku: buɗe tarihinka, amma kada ka yarda da kan labarin

Shiga shafin GOV.UK ko manhajar HMRC ta waya, hukumar haraji ke nan, ka duba tarihin NI ɗinka. Za ka ga jerin shekaru, gaban kowace an rubuta ko ta cika ko ba ta cika ba.

Wannan hukuncin na fansho ne. An gina shafin don lissafin fanshon gwamnati, inda shekara ke cika da ma'auni sau 52 kuma ake karɓar kowane irin zubi. Shekara na iya nuna ta cika alhali da kiredit ɗin renon yara aka cika ta, wanda ba ya aiki a JSA. Wata kuma na iya nuna ba ta cika ba, alhali kana da fam 6,200 a cikinta, ka tsallake 6,150 ɗin da ake nema. Danna kowace shekara ka ga abin da ke ciki, nawa ne daga aikin albashi, mako nawa ne na kiredit. Sannan ka ɗauko P60 ɗinka, takardar da mai aiki ke bayarwa a ƙarshen shekarar haraji, wadda dole ta iso hannunka zuwa 31 ga Mayu, da P45 na wuraren da ka bari, da takardun albashi. Jera su a tsarin makonni ka kwatanta.

In ka ga aikin da ka yi bai bayyana ba, tuntuɓi HMRC da kwafin takardun. Wani lokaci lambar NI ce aka rubuta ba daidai ba, wani lokaci suna ne. Mu da sunayenmu ke da rubutu iri iri, Muhammad a fasfo, Mohammed a wurin aiki, sunan uba ya koma gaba a wata takardar, ya kamata mu fi kowa sa ido a nan. Idan kuma mai aikin ne ya cire kuɗin daga albashinka bai miƙa ba, doka ta yarda a ɗauke su kamar an biya, muddin ba da saninka ko sakacinka aka yi ba. Hujjarka ita ce takardar albashin da ke nuna an cire. Shi ya sa ba a zubar da su.

Mataki na huɗu: cike giɓin da abin da zai yi aiki

Kiredit shi ne makon da gwamnati ke rubuta maka kamar ka yi zubi, saboda wani dalili da ta amince da shi ya hana ka aiki. Iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne gaba ɗayan zancen. Kiredit na aji 1 yana taimakawa a sharaɗi na biyu na JSA. Na aji 3 fansho kawai yake gyarawa.

Na aji 1 ana samunsa a makonnin da mutum ya karɓi JSA a baya, ko ESA na marasa lafiya, ko Carer's Allowance na masu kula da naƙasasshe ko mara lafiya, ko Maternity Allowance na masu haihuwa. Waɗannan da kansu suke hawa. Akwai kuma waɗanda sai ka nema: makonnin da kake karɓar kuɗin jinya na doka daga mai aiki, wato SSP, da zaman taya alƙali yanke hukunci a kotu, da wasu kwasa-kwasan horo da gwamnati ta amince da su waɗanda ba su wuce shekara ba.

Batun SSP ya cancanci a dakata. A 2023/24 fam 109.40 ne a mako, a 2024/25 fam 116.75, a 2025/26 fam 118.75. Duk suna ƙasa da ma'auni. Wato wanda ya yi wata uku a kwance yana karɓar SSP kaɗai, yana ganin takardar albashi na zuwa, yana zaton komai lafiya, alhali makonnin nan fanko ne a littafi. Sai ya rubuta wa HMRC ya faɗi ranakun da ya yi jinya, ya haɗa da hujja, ya nemi a sa masa kiredit. Akwai wa'adin nema, don haka da zarar ka gano ka rubuta. In ka makara, ka bayyana dalili a cikin wasiƙar.

Kuɗin hutun haihuwa na doka da mai aiki ke biya, SMP, ya fi ma'auni ga yawancin mata, fam 172.48 a 2023/24 da fam 184.03 a 2024/25, don haka makonni 39 ɗinsa na shiga lissafi kamar albashi. Wadda albashinta ƙarami ne har SMP ɗinta ya faɗi ƙasa da ma'auni, ita ma ta nemi kiredit. Makonni 13 na ƙarshen hutun, da ba a biyan komai, su ne giɓi na gaske.

Yanzu ga kiredit da zubin da ba sa aiki a JSA, kuma a nan ake asarar kuɗi da lokaci. Universal Credit, tallafin masu ƙaramin ƙarfi, kiredit na aji 3 yake bayarwa. Child Benefit, tallafin renon yara, na yaron da bai kai shekara 12 ba, aji 3. Carer's Credit, wanda sunansa ke kama da Carer's Allowance, shi ma aji 3. Zubin masu sana'ar kansu, aji 2, ba ya shiga JSA, in ban da wasu masunta masu rabon riba da masu aikin sa kai na raya ƙasashen waje. Direban tasi mai zaman kansa ko mai kai saƙon abinci da aka rubuta a matsayin mai sana'ar kansa, ko ya yi shekara goma yana biya, wannan ƙofar ba tasa ba ce.

Sai zubin ganin dama. Shafin HMRC zai nuna maka cewa kana iya biyan kaza ka cike shekara kaza. Kada ka biya da niyyar JSA. Aji 3 ne, ba zai ƙara maka komai a nan ba. In don fansho ne, wannan wani lissafin ne daban.

Aikin ƙasar waje fa? Wanda ya yi aiki a Italiya, Sifaniya, Jamus ko wata ƙasar Tarayyar Turai kafin ya dawo Birtaniya, zubinsa na can na iya taimaka masa, musamman in ya yi aiki a Birtaniya bayan dawowarsa. Ya nemi takardar U1 daga hukumar ƙasar da ya bari, ya kuma faɗa wa DWP tun a fom. Amma Najeriya, Nijar da Gana ba su da yarjejeniyar inshorar ma'aikata da Birtaniya, saboda haka kuɗin fanshon da aka cire maka a Abuja ko Yamai ba ya cikin wannan zance.

Akwai wata ƙofa da ba kowa ya sani ba, ta masu dogon giɓi. Idan ka daina aiki don kula da mara lafiya kana karɓar Carer's Allowance, ko kana kan ESA ko Maternity Allowance, sannan ka nemi JSA cikin mako 12 da ƙarewar wancan, doka na iya haɗe lokutan biyu. In aka haɗe, shekarun da za a duba su ne waɗanda suka gabaci farkon wancan lokacin, sanda kake aiki sosai. Matar da ta bar aiki ta yi shekara uku tana kula da mahaifiyarta, in aka bi lissafin yau da kullum ba ta da mako 26 na albashi. In aka haɗe, tana iya samu. Mako 12 ɗin nan kuwa gudu suke, musamman ga wanda ke cikin zaman makoki, don haka 'yan'uwa su tuna mata.

Mataki na biyar: zaɓi ranar nema

A yawancin shekara shawara ɗaya ce, ka nema ranar da aiki ya ƙare. Kwana bakwai na farko galibi ba a biyansu, kuma mayar da buƙata baya, har zuwa wata uku, sai da dalili na musamman.

Amma daga Nuwamba zuwa Janairu sai an yi tunani. A ce mace ta biyo mijinta Birtaniya a tsakiyar 2024, ta fara aiki a Satumba a kan fam 300 a mako, aikin ya ƙare a ƙarshen Nuwambar 2026. In ta nema a Disamba za a duba 2023/24, shekarar da ba ta ma shigo ƙasar ba, a ƙi ta. In ta jira 3 ga Janairun 2027, za a duba 2024/25, inda take da kimanin mako 30 da fam 9,000, da 2025/26 da ta yi cikakkiya. Haƙurin mako biyar ya buɗe mata tallafin wata shida. Kuma kada ta ce bari in gwada a Disamba in an ƙi in sake a Janairu. Lokutan neman aiki biyu da tazararsu ba ta wuce mako 12 ba ana ɗaukarsu ɗaya ne, don haka buƙatar Disamba na iya ɗaure ta ga tsofaffin shekarun.

Akasin haka ma na faruwa. Wanda babban giɓinsa ke cikin 2025/26 ya hanzarta ya nema kafin 3 ga Janairun 2027, tun shekarar ba ta shigo lissafi ba.

Ga wanda lissafinsa ya nuna ba zai samu ba ko ta yaya a bana, har yanzu akwai amfanin zuwa Jobcentre Plus, ofishin DWP na masu neman aiki, ya ce yana neman aiki, a riƙa rubuta masa kiredit na aji 1 ko da ba kuɗi. Wannan ne ke hana giɓin yau ya zama matsalar shekara biyu masu zuwa.

Maganar biza

Da yawa daga cikin masu karanta wannan suna kan bizar da aka rubuta musu ba su da damar taɓa kuɗin tallafin jama'a, kuma tsoron nan ya sa ko sunan Jobcentre ba sa son ji. Tsoron yana da tushe, amma New Style JSA ba ya cikin jerin tallafin da dokar shige da fice ta hana, saboda daga zubinka ya fito. Universal Credit da Child Benefit suna cikin jerin. Ka kula sosai lokacin cike fom ko magana da ma'aikaci, kada a karkatar da kai zuwa Universal Credit, ka faɗi sharaɗin bizarka tun farko. Abin da ake buƙata shi ne kana da izinin aiki. Wanda bizarsa ke rataye da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, damuwarsa ta farko ita ce bizar kanta, domin galibi ana rage ta zuwa kwana 60 bayan aiki ya ƙare. Shi ya fara ganin mai ba da shawarar shige da fice mai lasisi.

Mataki na shida: nema da ganawa

A GOV.UK ake nema. Mazauna Ireland ta Arewa tsarinsu daban ne, ta shafin nidirect. Tanadi lambar NI, bayanin asusun banki, bayanin ayyukan da ka yi cikin wata shida da suka wuce da ranakunsu, da takardar fansho in kana karɓa. Sai ka kasance ƙasa da shekarun fanshon gwamnati, ba ɗalibin cikakken lokaci ba, ba ka aikin awa 16 ko fiye a mako, kuma lafiyarka ta isa aiki. In ciwo ne ya hana ka, New Style ESA za ka nema.

Za a kira ka ganawa da jami'in da zai riƙa bibiyar neman aikinka, ku yi yarjejeniya a rubuce kan abin da za ka riƙa yi, galibi har awa 35 a mako. Kada ka sa hannu kan abin da ba za ka iya ba don kunya. In kana kai yara makaranta, ko kana kula da wani, ko kana da lalurar lafiya, faɗi a wurin a rubuta. Saɓa yarjejeniyar na jawo dakatar da kuɗi. Haka wanda ya ajiye aiki da kansa ba ƙwaƙƙwaran dalili, ko aka kore shi kan laifi, ana iya dakatar masa na mako 13 a karon farko. In cin zarafi ko rashin biyan albashi ne ya kore ka, je da saƙonni da wasiƙun da ke nuna haka.

Fanshon da ya wuce fam 50 a mako yana rage kuɗin, haka ma abin da ka samu a ɗan aikin gefe in ya wuce fam 5. Wanda ya cancanci Universal Credit yana iya haɗa biyun, sai dai ana cire JSA daga cikinsa fam da fam. Duk da haka ina ganin ya nema, saboda JSA na ba shi kiredit na aji 1, kuma ba ya tsayawa don albashin abokin zama ya ƙaru. Idan kwana 182 suka ƙare, ba a sake biya a kan shekaru biyun nan, sai sabuwar shekarar haraji ta shigo lissafi.

Idan aka ƙi ka

Wasiƙar za ta ce zubinka bai isa ba a shekaru kaza da kaza. Fara duba ko shekarun da suka ambata daidai ne, musamman in kana ganin ya kamata a haɗe maka da lokacin Carer's Allowance ko ESA. Sannan ka nemi su faɗa maka wane sharaɗi ne bai cika ba, a wace shekara, kuma da nawa.

Kana da wata ɗaya daga ranar da ke kan wasiƙar ka nemi DWP ta sake duba hukuncin. Yi shi a rubuce, ka ajiye kwafi. In sun tsaya kan bakansu, kana da wani watan ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafin tallafi, da fom SSCS1 ko ta intanet, kuma kyauta ne. Wanda ya makara da dalili ana iya karɓar tasa har zuwa wata 13.

Hukumomi biyu ne a cikin lamarin, kuma ba ɗaya ke jiran ɗaya ba. DWP ce ke yanke hukuncin tallafi, amma da alƙaluman HMRC take aiki. In kuskuren a tarihin NI yake, gyaran na hannun HMRC, kuma yana iya ɗaukar lokaci fiye da wata ɗayan da aka ba ka. Saboda haka shigar da buƙatar sake dubawa a DWP cikin wa'adi, ka rubuta a ciki cewa ka nemi HMRC ta gyara shekara kaza, ka haɗa kwafin wasiƙar da takardun albashin. Ka ci gaba da zuwa ganawarka da rubuta neman aikin da kake yi a tsawon lokacin, domin in hukuncin ya juya, makonnin da ka cika sharuɗɗa ne za a biya ka. Ofishin Citizens Advice na unguwarku na taimakawa da lissafin da rubuta wasiƙar ba tare da karɓar ko kwabo ba. In za ka je, tafi da wasiƙar DWP, da P60 na shekaru biyun, da jerin makonnin da ka rubuta da hannunka.